Tun da Aka Sa Rautata a Birij

Litinin, da yamma

Na dawo daga shago hannuna duk shuɗin fenti, na tarar an yi mini aika-aika. Kamfanin intanet sun turo mutuminsu, wani dogo mai yawo da tsani a kafaɗa. Ya ja sabuwar waya, ya kafa farin akwatinsu a bangon falo, sannan ya sa hannu a rautata, na'urar da ke raba mana waifai a gida. Rautar da na zauna da ƙamus na karance littafinta kaf, har shafin da ke gargaɗin kada a tsoma ta a ruwa.

Na ce, "Malam, me ka yi mata?"

Ya ce, "A birij na sa ta."

"Wa ya aike ka?"

Ya nuna Anti, babbar yayata, da haɓa. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta, abin sauraro rataye a wuya, tana yi mini kallon nan nata na kada ka soma.

Wai bayaninsa: akwatin kamfani shi ma rauta ne. In aka bar su su biyu kowanne yana raba wa wayoyi adireshi, sai su riƙa taka ƙafar juna, kiran Anti ya riƙa yankewa. Ita kuwa aikinta ke nan, amsa kiran fasinjojin wani kamfanin jirgin sama daga ɗakinta, tana ba mutanen da jakarsu ta ɓata haƙuri da muryar da ba ta taɓa yi mini magana da ita ba. Saboda haka an tuɓe tawa daga mulki. Yanzu gada ce kawai, ta karɓo daga akwati ta miƙa wa gida, ba ruwanta da wanda ya hau ko wanda ya sauka.

Ya so ya canza sunan waifai da faswod ma, wai don tsaro. Nan na daka masa tsawar da ta sa ya saki wayar. Ya bar su yadda suke.

Talata, da safe

Na buɗe manhajar rautar a wayata. Komai ya dushe ya koma toka-toka. Fifita wayar wani a kan ta wani, babu. Toshe waya, babu. Waifai na baƙi, babu. Duk inda na danna sai ɗan rubutu ya leƙo: wannan saitin ba ya aiki a birij. Abin da aka bar mini biyu ne, suna da faswod, kamar yaron da aka ba makullin ɗakin da babu komai a ciki.

Duk wannan bai dame ni ba. Ƙararrawar ce.

Da can duk wayar da ta hau waifai ɗinmu, tawa sai ta yi ƙiit, ta nuna mini sunanta, ko ina gida ko ina shago. Kuma ba kowace waya nake jira ba. Guda ɗaya ce. Mai ita ya raɗa mata suna "Kada Ka Taɓa" tun tana sabuwa, saboda ni.

Wayar Yaya. Ga shi na rubuta. Baba faɗin sunan ya hana a gidan nan, bai ce komai a kan rubutawa ba.

Tun ranar da ya fita layinsa a kashe yake, kuma ya toshe mu duka a ko'ina. Amma ita wayar ba ta san an yi faɗa ba. In ya biyo ta lungun bayan kicin ya jingina da katanga, sai ta hau da kanta. Ya yi ɗan abin da zai yi, ya wuce. Ni kuma in kira Umma ko in leƙa kicin in ce, "An wuce." Shi ke nan. Ranar sai ta ci abinci.

Sau ɗaya na yi wautar fita da gudu. Ƙeyarsa kawai na gani tana shan kwana, kuma ya daɗe bai dawo ba. Tun daga nan na koyi zama a inda nake.

Talata, da yamma

Umma ta kalle ni da na shigo. Na ce ina jin fitsari, na wuce.

Laraba, da rana

Na kira kamfani a lokacin hutun cin abinci. Sun sa mini kiɗa har shayina ya huce. Da yarinyar ta ɗauka, wallahi muryar Anti sak, irin ladabin nan mai santsi da ba ka samun inda za ka kama.

Na ce su ba ni faswod ɗin shiga akwatinsu in ga wayoyin da ke hawa. Ta ce ba a ba kwastoma.

Na ce akwatin a bangon ubana yake. Ta ce ta fahimta.

Na ce to a juya abin mana, a sa nasu a birij a bar tawa ta yi mulki, ai na karanta ana yi. Ta ce tsarin da muke kai bai ƙunshi haka ba.

Na ce wane tsari ne ya ƙunsa? Ta ce za ta shigar da ƙorafina.

Na ce ta shigar da shi inda ya dace. Ta ce ta gode da kirana, akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi? Wani abin! Kamar ta taimaka da na farko.

Alhamis, da yamma

"An wuce," na ce wa Umma.

Ta ci shinkafa har ta ƙara.

Ban san ko an wuce ba.

Asabar, da hantsi

Maigidana na shago ya kama ni ina karatu a bayan gwangwanayen fenti. Wasu mutane ne a intanet, kowa da irin matsalata, kowa yana ba kowa shawarar da ba ta aiki. Wani ya ce a sayi wata na'ura. Wani ya ce a canza kamfani. Wani ya rubuta "na gyara, na gode" ya tafi abinsa bai faɗi yadda ya yi ba. Wannan mutumin in na gan shi sai an raba mu.

Garin haka na haɗa wa wata mata ruwan hoda maimakon ruwan madara, bokiti guda. Maigida ya leƙa ya ce, "Farfesa, wannan ɗakin amarya za a shafa ko asibiti?" Ya ce in ajiye wayar a aljihun tebur har a tashi. Na ajiye. Ai ba ƙara za ta yi ba.

Lahadi, da yamma

An wuce, na ce.

Litinin, da yamma

An wuce.

Bakina ya fara sabawa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Talata, da rana

Na yi ɓarna, kuma ba zan ce ban sani ba.

Na zo gida da rana don na san Anti tana da hutun rabin awa. Na ce bari in cire rautar daga birij na ɗan lokaci, ko Allah zai sa a dace, in mayar kafin ta koma. Abin da ban lissafa ba shi ne kowane canji sai rautar ta mutu ta farfaɗo, kuma tana farfaɗowa ne kamar tsohon da aka tasa daga barci. Fitila ja. Fitila ruwan lemo. Ja kuma. Ni ina tsugune ina roƙonta.

Ashe an jawo hutun Anti baya yau. Tana tsakiyar magana da wani mutum da jirgi ya tafi ya bari.

Ta fito ba ko takalmi. "Auta! Uban me ka taɓa?"

"Gwaji nake yi."

"Gwaji? A kan aikina? Ana naɗar kowane kira, ka sani? Shugabata ta riga ta rubuto mini. Saboda me? Saboda wasan ƙwallonka na waya?"

"Ba wasa ba ne."

"To mene ne? Faɗi mana, mai baki!"

Baba yana kan kujerarsa da jarida, bai ɗago ba, amma shafin bai motsa ba. Umma tana bakin kicin da ludayi. Duk maganar da ke cikina, ni da ba a taɓa kayar da ni a cacar baki ba, sai na ji kaina ina cewa, "Wasa ne. Yi haƙuri."

Na mayar da ita birij. Ko ƙiit ɗaya ban samu ba.

Laraba, da sassafe

Hannun ƙofar falo har yanzu a karye yake tun ranar da Yaya ya fita. Kowa ya iya buɗe ta da yatsa biyu, ba mai cewa a gyara. Kofinsa yana kan kanta ta sama, an juya shi ya kalli bango. A gidan nan mun ƙware a zagaye abu.

Alhamis, da yamma

Anti ta same ni a kan matakala ina kankare fenti daga farce. Ta zauna, ta ture ni da kafaɗa in matsa.

Ta ce, "Ba ka buga ƙwallo a waya. Karatun banza kake yi a waya. Gaya mini."

Na gaya mata. Ƙararrawar, lungun, an wuce, duka. Har da cewa tun da mai tsani ya zo ƙarya nake yi.

Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta ɗaga hannu ta make ni a ƙeya.

"Wato kai kaɗai ne ɗan'uwansa? Makonni kana jin motsinsa, ni ina can ina ba baƙi haƙuri, dare ya yi in kasa barci, ba ka ce mini uffan ba?"

"Ke da bakinki?"

"Ni da bakina? Kai ne za ka yi wa wani gorin baki?"

Muka yi ta yi ƙasa-ƙasa don kada a ji. A ƙarshe ta ce ba za ta iya ba ni ranakun aiki ba, an riga an ja mata kunne, in aka sake za a sallame ta. Amma Lahadi ba ta aiki. In cire birij tun safe har yamma.

Na ce na gode. Ta ce in riƙe godiyata, har yanzu ba ta huce ba.

Asabar, da rana

Gobe.

Na goge rautar da tsumma. Ban san me ya sa ba.

Lahadi, da yamma

Tun da gari ya waye na cire ta. Komai ya dawo da launinsa, kamar an buɗe taga. Wayar Baba ta hau, ƙiit. Ta Umma, ƙiit. Talabijin, ƙiit. Kwamfutar Anti. Kowace ƙara sai in duba, in ga namu ne na cikin gida.

Muka zauna a ɗakin Anti, wayar tana tsakaninmu a kan gado kamar mara lafiyar da muke jinya. Ta yi guga. Na karanta shafi ɗaya na wani littafi sau ba adadi. Da la'asar ta yi ƙiit, muka yi karo da kai garin dubawa. Wayar matar maƙwabcinmu ce, wadda Umma ta ba faswod tun bara ba ta gaya wa kowa ba.

Bai zo ba.

Yanzu abin ya fi da muni. Da ina cewa yana zuwa, ni ne ba na gani. Yau na gani da idona babu. Ko dama ba ya zuwa ran Lahadi? Na yi ta ƙoƙarin tunawa, na kasa. Tarihin da rautar ta ajiye kuwa ya goge tun ranar mai tsani.

Na mayar da ita birij kafin magariba, gobe akwai aiki.

Litinin, da yamma

Na leƙa kicin na ce, "An wuce."

Umma ba ta juyo ba, tana yanka albasa. Ta ce, "Auta, na san ƙarar nan. Jiya ta yi ta yi, ina ji daga nan. Kafin jiya rabon da in ji ta tun zuwan mutumin nan mai tsani."

Na buɗe baki.

Ta ce, "Kada ka ƙara. Na ci wanda na ci don kada ka ji kunya. Ya isa."

Ta rufe tukunya ta wuce ɗaki. Abincinta yana nan a rufe har yanzu.

Talata

Ba abin rubutawa.

Laraba, da rana

Na sake kiran kamfani. Wani namiji ne yau. Ya ce ƙorafina yana kan layi. Na tambaye shi layin ina ya nufa. Ya ce ya fahimci damuwata. Na ce bai fahimta ba, da ya fahimta da ya ajiye aikin ya koma gida.

Wai ni a ce akwati biyu a gida ɗaya, dukansu sun san wanda ya hau, ɗaya an rufe mata baki, ɗaya an rufe mini ƙofarsa. Bayanin yana nan a bangon falo, saman kan Baba, fitilarsa tana ƙyafta mini ido.

Shi ma ɗin, Yayan. Mutum ya iya zuwa shan waifai amma bai iya cewa ina nan lafiya ba? Kalma uku. Ko ta hannun mai shagon bakin titi ya aiko. Ya bar tsohuwa tana ramewa, zanenta har ya fara zagaya ta sau biyu, shi yana can yana fushin manya. To ni ma na iya fushi. A gidan nan ba wanda ya fi ni iyawa.

Alhamis, da sassafe

Abu biyu aka bar mini. Na yi amfani da ɗaya.

Na canza faswod.

In yana zuwa, zai zo ya tarar a rufe. Sai ya zaɓa, ko ya yi magana ko ya tafi neman wata katangar. In ba ya zuwa, ban rasa komai ba.

Sau biyu ina kuskure wajen dannawa. Saboda sanyi ne.

Alhamis, da yamma

Anti ta ce ba ni da hankali. "Zare ɗaya ya rage tsakaninmu da shi, ka sa almakashi." Na ce zaren da ba wanda yake ganinsa. Ta ce shi ai yana gani. Na ce ta kawo kwamfutarta in sa mata sabon.

Na bi kowa na sa masa da hannuna, ban gaya wa kowa ba. Da na zo kan Baba ya miƙo wayar yana kallon talabijin.

Ya ce, "Me ya sami na da?"

Na ce, "Ana hawa daga waje."

Na gama, na miƙa masa, bai karɓa ba.

"Daga waje," ya ce.

"E."

"Ya rage maka wani abu ne, na wajen?"

Na ce a'a.

"To wa ya sa ka?"

Ya karɓi wayar ya kifa ta a cinya. Na fito. Wato shi ma ya san da zuwan Yaya. Duk tsawon nan.

Juma'a, da yamma

Shiru.

Asabar, da yamma

Shiru. Na buɗe manhajar zan mayar da tsohon, na rufe. Na sake buɗewa. In na mayar, mun koma inda muke, ba mai gani ba mai ji. In ban mayar ba kuma.

Umma ta sha shayi rabin kofi. Anti ba ta yi mini magana.

Lahadi, da rana

Na zagaya lungun. Katanga ce kawai da kwata da wata kyanwa. Akwai wuri ɗaya da fentin ya goge daidai kafaɗar mutum. Wataƙila tun da can haka yake. Fenti mai arha ne, ni na san shi.

Idan na kore shi gaba ɗaya fa?

Talata, da yamma

Bari in rubuta shi a jere kafin ya tsere mini.

Ina shago da hantsi ina juya farin fenti, wayar ta yi motsi a aljihun tebur. Maigida ya ce, "Farfesa, ɗalibanka." Na goge hannu na duba. Saƙo ne, daga wanda ya toshe ni tun ranar.

"Kai ɗan rainin hankali, wa ya canza faswod?"

Ba sallama. Ba ya kuke. Makonni nawa, abin da ya samu ya faɗa ke nan. Na zauna a kan bokiti, ashe ban rufe shi da kyau ba, wandon ya tafi.

Zagi ya cika mini baki, iri-iri, masu kyau. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura: "Umma ce kaɗai ta sani. Ƙofar kicin a buɗe take."

Ya karanta. Bai amsa ba.

Na ce wa maigida gida ba lafiya. Ya kalli wandona ya ce daga gani. Ban jira mota ba.

Ta lungu na shiga. Yana zaune a kan dokin ƙofar kicin, rabinsa a ciki rabinsa a waje, yadda zai iya tashi ya gudu. Ya rame. Gashi ya taru, rigar ba tasa ba ce. Faranti a cinyarsa, waya a hannu. Umma tana kan 'yar kujerarta ta tare hanya da ƙafa kamar ba da gangan ba. Anti tana tsaye a bayanta da abin sauraro a kai, tana cewa wani bawan Allah ya ɗan riƙe layi, hawaye na zuba, murya ko gezau.

Umma tana cewa, "Tsaya, zai zo mini. Da lamba ya fara. Bakwai. A'a, huɗu."

"Umma, kin ce bakwai ɗazu, bai yi ba."

"To ci mana, kana tsaye mini a ka ta yaya zan tuna? Gwada da babban baƙi."

Ban taɓa gaya mata faswod ɗin ba. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Kuma ba wanda ya ce mata ga abin da na tura masa. Daga ganinsa a ƙofa da tambayarsa ta gane, ta kama.

Ya ɗago ya gan ni. Ya kalli wandon, bakinsa ya ɗan motsa. Ya ce, "Dubi wannan. Kai, faɗa mini mana, na san kai ne."

Daga cikin gida na ji takun silifas ɗin Baba a baranda. Ya taho, ya taho, ya tsaya daidai inda ba a ganinsa daga kicin. Bai ƙaraso ba. Bai koma ba. Yaya ma ya ji, na ga cokalin ya tsaya a hannunsa, amma bai tashi ba.

Umma ta ɗago ta kalle ni.

Na ce, "Wallahi dogo ne, sai na zauna na yi tunani. Matsa mini."